Turancin da Ya Sa Aka Haƙa wa Surukata Kabari

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba na jin zan taɓa mantawa da daminar da aka kwantar da surukata a asibiti. Har yau idan abin ya faɗo mini ina tsakar tuƙa tuwo, sai in ji fuskata ta fi tukunyar zafi.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke bayan Bici, kuma Turanci nake koyarwa. A lokacin ni kaɗai ce matar aure a unguwarmu da ta yi kwalejin ilimi, saboda haka duk wanda aka ba shi magani bai san yadda ake sha ba, ko aka turo masa saƙon Turanci a waya, gidanmu yake nufowa. Ba a ma kiran sunana, Malama kawai ake cewa. (Gaskiya kaina ya ɗan kumbura. Har tabarau na saya, alhali idona garau yake.)

Shekarar ta zo da tsanani. Mai ya yi tsadar da motoci suka ragu a hanya, kwanon masara ya gagari mutane, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Maigidana, da yake ɗan saye da sayar da hatsi a Dawanau, jarinsa ya karye, sai ya bi abokansa kudu neman abin da za a ci. Ya bar ni da yara da mahaifiyarsa, Inna. Shi kaɗai ne ɗanta namiji.

Inna mace ce da ba ta son a ce mata sannu. Ƙafafunta suka fara kumbura, ta ce sanyin damina ne. Ta koma idan ta je bakin rijiya ta dawo sai ta dafa bango tana haki, ta ce tsufa ne. Daga baya kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jingina da bango ta yi barci a zaune, don da ta miƙe numfashi zai tsaya mata a wuya. Ranar da na ga leɓɓanta sun yi fari fat, magana tana fita da ƙyar, ban nemi izininta ba, na aika aka kira Baffa. Baffa ƙanen marigayi mijinta ne, shi ne babba a gidan, kuma shi ne na'ibin limamin garinmu. Ya nemo mota da ƙyar. Asibitin kusa da mu suka duba ta suka ce mu wuce birni. Da aka ba ta gado, Baffa ya koma gida saboda noma ya kama, ya ce, "Malama, ai ke ce daidai da nan. Ke kike jin bakinsu."

Na ji daɗin maganar nan fiye da kima.

Likitan da ke kula da ɗakin mata wani saurayi ne ɗan kudu, mai kirki, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu Mama" da "ina ciwo" ba. Shi kaɗai ne a kan gadaje masu yawa, kullum da sauri yake tafiya. Ranar farko wata nas ta matso za ta fassara mana, na gyara tabarau na ce, "Ba sai kin wahala ba, Sista, ina jin Turanci." Ta dube ni, ta ce to, ta koma aikinta. Kafin kwana biyu na zama tafintar ɗakin. Idan likita ya tsaya a kan gadon wata, sai in taso ko ba a kira ni ba. Abin da na gane in faɗa, abin da ban gane ba in gyaɗa kai in ce, "Ya ce a ci gaba da shan magani."

Likita ya ce yana zargin zuciya ce, amma ba zai tabbatar ba sai an ɗauki hotonta. Na'urar tana nan, wuta ce babu, man janareta kuma ana tattalinsa saboda ɗakin tiyata. Haka muka zauna jira, ana yi wa Inna allurar da ke rage ruwan jiki, wani lokaci a sa mata robar iska a hanci.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya mai jego, haihuwarta ta fari. Ita ma kumburi da haki. An ce bayan haihuwa zuciyarta ta kamu. Muna hira da ita idan ta samu sauƙi, Inna har takan karɓi jaririn ta yi masa wasa. Wata rana da yamma numfashinta ya sarƙe. Aka ja labule, nas-nas suna shiga suna fita a guje. Can likita ya fito, ya dafa kafaɗar mijinta ya ce, "Sorry." Sauran maganar ban ji ba. Aka lulluɓe ta da zanenta, aka tura ta a gado mai taya aka bi da ita ta wata doguwar baranda da ke bayan ginin. Mai shara ta zo ta yaye zanen gadon, ta goge katifar roba da wani ruwa mai warin gaske. Inna ta bi gadon da kallo har ya ɓace, sannan ta ce mini a hankali, "Malama, idan tawa ta zo, kada ki bari in kwana a nan. A kai ni gida." Na ce ta daina irin wannan maganar, amma tun daga lokacin gabana bai daina faɗuwa ba.

Washegari da safe aka ce allurar Inna ta ƙare a asibiti, sai in nemo a waje. Na bar ta tana haki fiye da jiya, ko kunun da na dama ba ta iya sha ba. Na yi ta yawo daga wannan kemis zuwa wancan, ana yayyafi, wani ya ce babu, wani ya faɗi kuɗin da ya sa na juya. Sai wajen azahar na samo.

Ina shiga ɗakin warin nan ya fara tarar hancina. Gadon Inna babu kowa. An yaye zanen, katifar tana sheƙin ruwa. Takalmanta ne kawai a ƙarƙashin gado. Na tambayi wata mata da ke jinyar 'yarta a can gefe, ta ce, "Tsohuwar nan? Ai tun ɗazu suka zo da sauri, suka ɗora ta a gadon turawa, suka lulluɓe ta suka fita da ita." Na ce ta ina? Ta nuna mini ƙofar baya.

Ledar allurar ta faɗi daga hannuna. Na fita a guje, sai ga likita yana tahowa da saurinsa, ana kiransa a wani ɗaki. Na sha gabansa. Ya gane ni, ya tsaya, ya sassauta murya ya ce, "Madam, sorry. It is heart failure."

To, ni dai a duniyata, idan na rubuta wa yaro "fail" da jan biro, magana ta ƙare. Ya faɗi ke nan. Zuciya kuma idan ta faɗi, me ya rage? Ga "sorry" ɗin jiya, ga warin jiya, ga ƙofar jiya. Na ce masa, "Failure?" Ya ce, "Yes, confirmed." Ya ƙara da cewa sun mayar da ita can, ya yi nuni da bayan ginin, ya ce in kira manyan gida yana son magana da su. Ya faɗi wasu abubuwa da dama, na ga bakinsa yana motsi, amma kunnena ya riga ya toshe. A ƙarshe ya tambaye ni ko na gane. Na gyaɗa kai, kamar kullum.

Na fita na zauna a gindin wata darbejiya da ke harabar asibitin, na kira Baffa.

"Baffa, Allah ya yi wa Inna rasuwa."

Ya yi salati. Ya ce, "Yaushe?"

"Yanzu likita ya faɗa mini da bakinsa."

"Kin gan ta?"

"Sun riga sun kai ta can baya."

"To, Allah ya jiƙanta. Ki zauna nan, ga mu nan zuwa. In sha Allahu kafin magariba a rufe ta."

Sannan na kira maigidana. Ban taɓa jin kukansa ba sai ranar. Ya ce ko bai samu jana'iza ba zai taho, yanzu zai nufi tasha.

Mai karatu zai ce me ya hana ni in je in gani da idona. Tsoro ne. Ni ko kaza aka yanka ba na tsayawa. Ga kuma mata 'yan jinya sun kewaye ni suna ba ni haƙuri, wata ta miƙo mini ruwa, wata dattijuwa ta ce, "Zauna abinki 'yar nan, wurin nan ba na mata ba ne, jira mazan su zo." Na samu abin da nake so in ji. Na zauna ina kuka na gaskiya, ina tuna yadda Inna take ɓoye mini ƙosai a ƙarƙashin faifai idan na dawo daga makaranta, da ranakun da na yi mata fuska a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A can gida kuwa (wannan daga baya na ji) Liman ya yi sanarwa bayan sallar azahar. Matasa suka ajiye fartanya a gona suka nufi maƙabarta, suka haƙa kabari cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mata suka cika gidanmu. A shekarar da kowa ke auna tsabar da zai dafa, maƙwabta suka haɗa gero aka fara daka saboda baƙi. 'Yan'uwa na nesa suka kamo hanya, wasu a ƙafa.

Bayan la'asar a-kori-kura ta shigo asibitin. Baffa ya sauko da farin yadi a naɗe a hammatarsa. Bayansa Gwaggo Asabe, ƙanwar Inna, idanunta sun yi jajur. Muka rungume juna muka sake sabon kuka. Baffa ya ce kuka ya isa haka, rana tana tafiya. Muka bi doguwar barandar nan har ƙarshe, ni da Gwaggo muka tsaya nesa, shi ya ƙarasa wurin mai kula da ɗakin ajiye gawa.

Na ga suna magana. Na ga mutumin yana girgiza kai. Baffa ya dawo fuskarsa a ɗaure.

"Ya ce yau ba a kawo masa mace ba."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "To ina suka kai ta?"

A nan ne ya kamata hankalina ya dawo, amma ina. Sai na tuna duk labaran da ake bayarwa na musayar gawa a asibitocin birni, na ce a raina wato don sun ga mu mutanen ƙauye ne. Na ce, "Baffa, ku biyo ni." Na wuce gaba, tabarau a fuska, mayafi yana jan ƙasa. Na tarar da nas ɗin nan da na sallama ranar farko tana zaune a teburinta. Ɗakin cike da 'yan dubiya. Na tsaya a kanta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na fara da Turanci, da ya ƙare mini na koma Hausa.

"Ku fito mana da gawarmu. Tun azahar muke jira, an haƙa kabari, mutane suna can a tsaye. Wane irin sakaci ne wannan?"

Nas ta ajiye biro.

"Wace gawa?"

"Ta tsohuwar da ke wancan gadon."

Ta dubi gadon, ta dube ni, ta dubi farin yadin da ke hammatar Baffa.

"Ke ce Malama?"

"Ni ce."

"Ai tun ɗazu take cigiyarki. An ba ta abinci ta ƙi, ta ce sai kunun surukarta."

Muka bi bayanta. Nas tana gaba tana bayani, wai an kawo wuta da hantsi, shi ya sa aka ruga da masu jiran hoton zuciya kafin a sake ɗaukewa, aka lulluɓe su saboda yayyafi. Da sakamako ya fito, likita ya ce a mayar da Inna ƙaramin ɗakin da ke bayan ginin, inda ake sa wa masu jin jiki ido sosai. (Ƙofarsa tana kan barandar nan. Sau biyu muka wuce ta.) Da muka isa, nas ta tsaya ta juyo ta ce, "Ku ji da kyau. Zuciyarta ba ta da ƙarfi. Ba a son abin da zai firgita ta. Ku shiga a hankali."

Inna tana zaune, an tokare mata baya da matasai, robar iska a hancinta. Gwaggo Asabe tana ganinta ta sulale ta zauna a ƙasa, ta toshe baki da mayafi.

"Asabe, lafiya?" in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Me ya fito da ku a wannan tsadar motar?" Sai idonta ya sauka a kan Baffa, wanda yake ta ƙoƙarin tura yadin bayansa. "Baffan yara, wannan farin yadin fa? Wa ya rasu?"

Ta fara dubanmu ɗaya bayan ɗaya, numfashinta yana ƙara sauri.

"Yaron nan ne? Wani abu ya same shi a kudu?"

Nas ta matso ta riƙe hannunta, ta harare mu. Baffa mutum ne da ba ya ƙarya ko da wasa. Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Babu wanda ya rasu." Ya yi gyaran murya. "Sauran bayanin, Malama ce za ta yi."

Na durƙusa a gaban gadon. Ina ganin ƙirjinta yana hawa yana sauka, ina cewa a raina yanzu kam zan kashe ta da gaske, ga likkafani a kusa, ga kabari a shirye. Na ce, "Inna, ni ce ban fahimci likita ba. Na dawo ban gan ki ba. Sai na kira gida na ce... na ce kin rasu."

Ta ƙura mini ido. Ɗakin babu abin da ake ji sai hucin iskar da ke shiga hancinta.

"Har an haƙa?" ta tambayi Baffa.

"An haƙa."

Ta rufe ido. Kafaɗunta suka fara rawa. Nas ta sunkuya da sauri, ni kuma na fara salati. Ashe dariya take yi. Dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa, fuskarta ta canza, nas ta kore mu waje ta kira likita. Tsayuwar da muka yi a bakin ƙofar nan ita ce mafi tsawo a rayuwata. Baffa bai dube ni ba, carbinsa kawai yake ja.

Da likita ya fito ya ce ta lafa. Nas ta ba shi labari, ya kama baki, ya dube ni ya ce ai ya tambaye ni ko na gane. Na sunkuyar da kai. Ya fara yi wa Baffa bayani, ya ɗan dakata yana jira in fassara. Baffa ya ce, "Sista, ke ki taimaka mana. Malama ta gaji."

Haka na tsaya ana fassara mini Turanci. Nas ta ce abin da likita ya faɗa ba ya nufin zuciya ta tsaya. Gazawa ta yi, wato tana aiki amma ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Hawan jini ne ya daɗe yana cin ta ba a sani ba. Ba a warkewa gaba ɗaya, kuma ba kowa ke fita daga asibiti da ƙafarsa ba, musamman wanda aka kawo a makare. Amma idan aka riƙe magani kullum, aka rage gishiri da kanwa, ana zuwa ana duba ta, za ta iya daɗewa.

Baffa ya koma gefe ya kira Liman. Ina jin yana cewa, "A'a, ba farfaɗowa ta yi ba. Dama ba ta mutu ba." Ya saurara. "A mayar da ƙasar kawai." Ni kuma na kira maigidana, motarsu ta riga ta yi nisa. Na faɗa masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Can ya ƙara da cewa, "Za mu yi magana idan na zo." (Mun yi.)

Da aka sallame mu muka koma gida, na so a ce labarin farfaɗowar ne ya bazu, amma Baffa ya bi kowa ya gyara masa. Na yi makonni ina bin bayan gari zuwa makaranta. A gidan suna, da na shigo sai hira ta tsaya. Wasu suka ce ai dama surukar zamani ce, ta ƙosa ne. Wannan maganar ta fi yi mini ciwo, kuma Inna ce ta kashe ta da kanta. Ta ce wa masu dubiya, "Yarinyar da ta wuni tana yi mini kuka a gindin bishiya? Ku da kuka zo, wa ya yi rabin nata?" Sannan ta zaunar da Gwaggo Asabe ta sa ta lissafo mata duk wanda ya zo gidan ranar da wanda bai zo ba. Akwai wata aminiyarta da aka ce ta tsaya ƙarasa shanyar kuɓewa kafin ta fito. Inna ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta da daɗi ba.

Ta rayu shekaru bayan haka. Ba cikin sauƙi ba, don maganin yana da tsada, wani watan sai an sayar da akuya, kuma duk lokacin da aka yi fashin sha kumburin yakan dawo. Kullum tana mitar miyata ba gishiri. Amma ta ga auren jikarta ta fari, ta riƙe ɗan jikar a hannunta.

Ranar da ta cika da gaske, a ɗakinta ne, da hantsi, kanta yana kan cinyata. Maigidana ya tafi kasuwa. Ni na rufe mata ido. Na ɗauki waya ina kuka na kira Baffa, wanda shi ma tsufa ya kama shi sosai a lokacin, na faɗa masa. Ya yi salati, sannan ya ce a hankali, "Malama, kada ki kira kowa tukuna. Bari in zo in gani."

Ban ji haushinsa ba, ni na jawo wa kaina. Yanzu ko a asibitin sha-ka-tafi ne, idan likita ya tambaye ni ko na gane, nakan ce masa, "Ban gane ba, maimaita mini da Hausa." Na lura kunyar faɗin haka ba ta wuce ta ɗan lokaci, kuma ba a taɓa fitar da kowa daga gona ya haƙa rami saboda ita ba.